Zaren da ke cikin birkin mota: na tsiro ko na masana'anta?

Fad ɗin birki, wato ɗan dunƙulen da ke matse faifan ƙarfe a bayan taya har mota ta tsaya, haɗi ne na abubuwa da dama. Akwai danƙon da ke riƙe su, akwai garin ma'adinai mai cika jiki, akwai masu daidaita santsi da kaushi irin su garin ɓawon ƙwallon kashu. Sai kuma zare, wanda aikinsa tamkar na ramno ne a cikin ƙasar gini: shi ke hana dunƙulen tsagewa idan matsi da zafi suka haɗu a kansa.

Da zaren tsiro aka fara. A 1897 wani Baturen Ingila, Herbert Frood, wanda ya kafa kamfanin Ferodo, ya soma yin abin birki da auduga da aka jiƙa da kwalta. Da motoci suka ƙara gudu sai audugar ta riƙa ƙonewa, aka koma ga asbestos, ma'adini mai zare wanda wuta ba ta cinsa. Ya yi shekaru da yawa yana cin kasuwa kafin a tabbatar cewa ƙurarsa na jawo ciwon daji da tabon huhu, kuma bakaniken da ke hure ƙurar birki da baki yana cikin waɗanda ke shaƙar ta. Birtaniya ta haramta shi baki ɗaya a 1999, Tarayyar Turai a 2005.

Gurbinsa ne aka cike da zaren da masana'antu ke sarrafawa: na ƙarfe, na gilashi, na narkakken dutse, na kabon, da kuma aramid, wanda aka fi sani da Kevlar, da Stephanie Kwolek ta kamfanin DuPont ta gano a 1965. Aramid ba ya fara lalacewa sai zafi ya wuce digiri 400 a ma'aunin Salshiyos, ga shi ba ya cinye faifai, illa dai tsada. Zaren ƙarfe ya fi araha da jure wahala, amma yana da ƙara, yana tsatsa, yana kuma goge faifan da wuri.

Tsadar nan da batun lafiya suka sa masana suka waiwayi gona. An gwada zaren rama, irin wanda ake tufka igiya da shi, da gashin kwakwa da zaren ayaba. A jami'o'in Nijeriya ma an yi gwaji da ɓawon ƙwallon kwakwar manja da ɓawon ayaba. Ba su da nauyi, ba su da tsada, kuma ana iya shuka su kowace damina.

Inda gizo ke saƙar shi ne zafi. Zaren tsiro kan fara gasuwa da zarar an haura digiri 200 zuwa 300. Ƙaramar mota a cikin gari ba kasafai take kaiwa nan ba, amma tirela mai lodi da ke sauka gangaren Hawan Kibo, direba ya daɗe da ƙafa a kan birki, tana iya zarce shi nesa, kuma a daidai lokacin ne birki kan yi sanyi a ƙafa. Sannan zaren na tsotsar laima ya kumbura, ba ya kuma kama danƙo sosai sai an wanke shi da ruwan soda. Ingancinsa ma yakan bambanta daga gona zuwa gona, abin da masana'anta ba ta so.

Don haka yawancin gwajin da ya ba da sakamako mai kyau gauraya ne: kaɗan na tsiro, sauran na aramid ko na dutse. Mai sayen fad a Ƙofar Ruwa ko Panteka ba zai gane zaren da ido ba. Abin da zai iya dubawa shi ne ko kwalin ya nuna babu asbestos, da kuma ko an yi fad ɗin don nauyin irin motarsa.