Farosesar Kwamfutar Tafi-da-gidanka

Farosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta, wurin da ake yin duk lissafi. A kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda aka fi kira laftof, aikinta ya fi wuya, domin kowace wutar da ta ci daga batir ta fito, kuma zafi take komawa a cikin siririn jiki da ba shi da wurin shan iska. Tarihinta na yadda aka daina auna ta da gudu kawai ne, aka koma tambayar aiki nawa take yi da kowane wat na lantarki.

Laftof ɗin farko da farosesar kwamfutar tebur suka yi aiki. Sai a 1990 kamfanin Intel ya fitar da 386SL, wadda aka ƙera ta don ta iya kashe sassan da ba sa aiki. A shekarar 2000 aka ƙara dabara: SpeedStep ta Intel da PowerNow! ta AMD suka riƙa rage gudu da boltej idan an cire caja. Ribar tana wajen boltej. Idan aka rage shi da rabi, wutar da ake ci wajen aiki takan sauko zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu. A shekarar ce kuma wani ƙaramin kamfani, Transmeta, ya fito da Crusoe mai ƙarancin cin wuta. Ba ta yi kasuwa ba saboda sanyin jiki, amma ta tayar da manya daga barci.

Lokacin kuwa tseren megahaz ake yi. Pentium 4 an gina ta ne don lambar gudunta ta yi girma a jikin kwali, da aka cusa ta a laftof sai ga na'ura mai nauyi, fanka na ihu, batir na ƙarewa kafin a gama zama. Mafita daga Haifa ta zo. Injiniyoyin Intel da ke can sun koma kan tsohon tsarin Pentium III suka gyara shi, a Maris 2003 aka fitar da Pentium M a ƙarƙashin sunan Centrino. Lambar gudunta ƙasa take da ta Pentium 4, amma tana yin aiki mai yawa a kowane bugu, da wuta kaɗan. A 2004 Intel ta soke shirin Pentium 4 mai gigahaz 4, kuma daga zuriyar Pentium M aka samo Core a 2006. Wato ƙaramar da aka yi don tafiya ita ta gaje gidan gaba ɗaya. Dalilin ya wuce kuskuren kamfani ɗaya: tun 1974 Robert Dennard na IBM ya nuna cewa ƙanƙantar da transista na rage wutar da take ci, amma wajen 2005 wannan garaɓasar ta ƙare saboda yoyon lantarki. Daga nan aka koma ƙara yawan ƙwayoyin sarrafawa maimakon ƙara gudu.

Wannan matsalar ta wuta da zafi ce ta raba Apple da farosesocin PowerPC da take amfani da su. A 2005 Steve Jobs ya sanar da komawa Intel, bayan an kasa saka PowerPC G5 a laftof.

Farosesar Haswell ta Intel ta 2013 ta tsawaita batir sosai, har Apple ta yi wa MacBook Air mai inci 13 alkawarin awa 12. Bayan nan Intel ta daɗe a maƙale kan fasahar ƙira ta nanomita 14, AMD ta samu ƙofa: a 2020 Ryzen 7 4800U ta zo da ƙwaya takwas a rukunin wat 15.

Babbar girgizar daga wayar hannu ta fito. Tun 2011 kamfanin ARM ya gabatar da tsarin haɗa manyan ƙwayoyi masu ƙarfi da ƙanana masu tsimi, kowace da irin aikinta. A Nuwamba 2020 Apple ta bar Intel da M1, mai transista biliyan 16, ƙwaya huɗu na ƙarfi, huɗu na tsimi, a cikin MacBook Air da ko fanka babu. Intel ta bi sahu da Alder Lake a 2021, Qualcomm kuma ta kawo Snapdragon X ga Windows a 2024, ko da yake wasu tsofaffin manhajoji ba sa tafiya daidai a kanta.

Kwatanta farosesoci har yau da tarko. Lambar TDP ma'aunin zafin da ake son a kwashe ne, ba ainihin abin da ake ci ba, kuma farosesa ɗaya takan bambanta a laftof biyu gwargwadon sanyayawarsu. Awoyin batir da kamfanoni ke faɗa galibi da kallon bidiyo ake gwada su, aikin da ba ya gajiyar da farosesa, allo ma yana da nasa kason. A kasuwar na-hannu ta Kano ko Kaduna, inda rashin wuta ya sa batir ke gaba da komai, mai saye kan tambayi Core i5 ce ko i7, alhali zubin da ta fito da harafin ƙarshen lambarta sun fi faɗa masa gaskiya: U ta tsimi ce, H ta ƙarfi.