Daga Tubali zuwa Bulo: Gini da Manufofin Hukuma a Garwa da Arewacin Kamaru

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kwana a Garwa cikin watan Maris ko Afrilu, a ɗakin bulo mai rufin kwano, ya san matsalar da wannan takarda za ta tattauna. Zafi kan haura digiri 40 da rana, bango ya sha rana ya ƙoshi, da dare kuma ya riƙa amayar da ita har masu gida su kwashi tabarmi su koma tsakar gida. A ƙauyukan da ke kewaye da garin kuwa, ɗakin ƙasa mai jinka yana nan da sanyinsa. Takardar za ta bi diddigin yadda mutanen yankin suka bar ginin da ya dace da yanayinsu suka rungumi wanda ke gasa su, da kuma rawar da hukuma ta taka wajen tafiyar da ƙoƙarin dawowar. Ana son ɗalibai su lura da kalmomin sana'ar gini da za su ci karo da su, domin da yawa daga cikinsu sun fara ɓacewa daga bakin matasa.

2.0 Ginin Gargajiya

Garwa gari ne na Fulani a bakin Kogin Binuwai, wanda ya bunƙasa bayan jihadin da Modibbo Adama ya jagoranta a farkon ƙarni na 19. Fatake Hausawa da Barebari sun zauna a cikinsa tun da wuri, har unguwanni irin su Hausare da Yalwa suna ɗauke da shaidar haka a sunayensu. Gidan Bafulatani na wancan lokaci ɗakuna ne kewayayyu na ƙasa masu jinka, an zagaye su da zana ko katanga. Soro mai kusurwa huɗu da rufin ƙasa ya fi alaƙa da Hausawa da Barebari da kuma gidajen sarauta.

Yadda maginin Bahaushe ke aiki sananne ne. Ana haƙo ƙasa, a kwaɓa ta da ruwa da ciyawa, a bar ta ta ruɓa na kwanaki, sannan a mulmula tubali mai siffar ƙwai a shanya. Bango kan yi kauri a ƙasa ya riƙa sirancewa yana hawa. Rufi kuwa da azara ake yin sa, wato tsagin itacen giginya, wadda gara ba ta cika ci ba. In ɗaki ya yi faɗin da azara ɗaya ba za ta haye ba, sai a ɗaura baka. Daga nan a yi yaɓe da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, a sa indararo don ruwan sama ya zuba nesa da gindin bango. Kaurin bangon shi ne sirrin sanyin: zafin rana ba ya ratsa shi sai dare ya yi, lokacin da iska ta riga ta huce.

Amma abin da ya fi jan hankalin duniya a arewacin Kamaru shi ne ɗakin Musgu na bakin Kogin Logon, wajen Pus, wanda masu shi ke kira tolek. Ginin laka ne zalla mai siffar tulun da aka kife, tsawonsa kan kai mita 9, babu itace ko ɗaya a jikinsa. Zanen tudu-tudu da ke bayansa yana rarraba ruwan sama, kuma shi ne matakalar da magini ke takawa yana hawa, don haka ba a bukatar tsani. Marubucin Faransa André Gide ya gan su a 1926 ya yaba su ƙwarai, kuma a baje kolin mulkin mallaka na Paris a 1931 an kwaikwayi siffarsu. Abin mamaki, a daidai lokacin da ake nuna su a Turai ne suka fara ƙarewa a gida. Zuwa shekarun 1990 saura kaɗan suka rage, sai da wata ƙungiyar Faransa mai kare kayan tarihi ta haɗa tsofaffin magina da matasa a ƙauyen Murla aka sake gina wasu.

3.0 Zuwan Kwano da Siminti

Jamusawa sun ci Garwa a 1901, sojojin Ingila da na Faransa suka ƙwace ta a watan Yuni na 1915, sannan ta zauna a hannun Faransa har samun 'yanci a 1960. Muhimmancinta a wurin Turawa shi ne tashar jiragen ruwa. In Binuwai ya cika da damina, na 'yan watanni kawai, jirage kan taso daga gaɓar tekun Nijeriya su kawo gishiri da mai da siminti da kwano, su koma da gyaɗa da auduga. Kayan ginin suna da tsada, saboda haka ofisoshin gwamnati da kantunan kamfanoni ne suka fara samun su. Tun daga nan kwano ya zama alamar wanda ya samu.

A nan akwai batun harshe da ya kamata ɗalibi ya tsaya a kai. Takardun hukuma na Faransanci sun raba gine-gine gida biyu: na kayan da suka kira définitifs, wato na dindindin, da na kayan provisoires, wato na wucin gadi. Siminti da kwano suka shiga rukunin farko, ƙasa da ciyawa suka faɗa na biyu. Da wannan rabo, katangar fadar Lamiɗon Rai Buba, wadda ta girmi duk wani ofishin Turawa a yankin, ta zama ta wucin gadi ke nan. Kalmomin ba su tsaya a takarda ba. Wanda ke son izinin gini a birni, ko yana son gidansa ya yi daraja a idon banki, ya san wane rukuni ya kamata ya shiga. Mu ma a Hausa mun bi sahu, muna cewa "ginin zamani" da "ginin ƙasa", kuma kowa ya san wanne ne ake kai amarya cikinsa da alfahari.

Bayan 'yanci abin ya ƙara sauri. Shugaba Ahmadu Ahijo haifaffen Garwa ne, kuma a zamaninsa garin ya samu manyan ayyuka: filin jirgin sama, babban masallaci, filin wasa na Rumde Ajiya, da hedkwatar kamfanin auduga na SODECOTON da aka kafa a 1974. Kamfanin CIMENCAM ya buɗe masana'antar siminti a Figil, kan hanyar Marwa, a 1971, inda akwai dutsen farar ƙasa. Jirgin ƙasa ya iso Ngaundere a 1974, aka kuma kammala ginin madatsar ruwa ta Lagdo a 1982. Siminti ya daina jiran damina, ya zama abin da ake saye a kanti kowace rana.

Ba daidai ba ne a ce mutane sun bar ginin ƙasa don kwaikwayo kawai. Yana da wahalhalunsa. Yana bukatar yaɓe kusan kowace shekara, kuma aikin gayya da ake yi da shi a da ya yi rauni a birni. Giginya ta yi ƙaranci, azara ta yi tsada. Jinka tana kama wuta. Wani tsohon magini da na zauna da shi a Garwa ya taƙaita mini batun da cewa: "Malam, ɗakin ƙasa kamar doki ne, kullum sai ka kula da shi. Yaran yanzu kuwa babur suke so." Ambaliyar 2012, wadda ta shafi Garwa da kwarin Logon har Shugaba Paul Biya ya kai ziyara a watan Satumba, ta nuna raunin a fili, domin bangon ƙasa marar harsashin dutse in ruwa ya kwanta a gindinsa narkewa yake yi.

4.0 Hukuma Ta Waiwayo

Talauci ne ya fara sa gwamnati ta tuna da ƙasa, tun kafin a fara maganar sauyin yanayi. Tattalin arzikin Kamaru ya shiga mawuyacin hali daga 1986, kuma a 1990 aka kafa hukumar MIPROMALO domin bincike da yaɗa amfani da kayan gini na gida. Karya darajar kuɗin sefa da rabi a watan Janairu na 1994 ya ƙara wa kayan waje tsada, ya ƙara wa hujjarta ƙarfi. Abin da ta fi tallatawa shi ne bulon ƙasa da ake matsewa da inji, a zuba masa siminti kaɗan, abin da bai cika wuce kashi 8 cikin 100 ba, da kuma jan bulo na gashi. A watan Maris na 2007 Firayim Minista Ephraim Inoni ya sa hannu kan takardar umarni cewa a riƙa amfani da kayan gida wajen gine-ginen gwamnati da ba su wuce bene ɗaya ba.

Umarnin yana da kyau a takarda. Amma wanda ya zagaya makarantu da asibitocin da aka gina a karkarar Garwa bayan wannan shekara, mafi yawan abin da zai gani bulon siminti ne da kwano. A ganina dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Ɗan kwangila yana da lebura da suka iya bulo, kuma ya san farashinsa. Injiniyan da zai karɓi aikin a makaranta siminti da ƙarfe aka koya masa. Hukumar da ke da ilimin tana Yawunde, fiye da kilomita 1,000 daga inda ake aikin. Jama'ar ƙauye su ma in aka kawo musu ajin ƙasa, sai su ga kamar an raina su ne, tunda hukumar da kanta ta shekara da shekaru tana gaya musu cewa na wucin gadi ne.

Jan bulo kuma yana da tasa illar, wadda ba a cika faɗa ba. Gasa shi a gargajiyance na cin itace mai yawa, a yankin da gwamnati ta sake farfaɗo da shirin dashen itatuwa na Sahel Vert a 2008 saboda hamada. Wato kasancewar abu na gida bai isa ya sa ya zama mai ɗorewa ba. Siminti ma haka: ana gasa farar ƙasa a zafin da ya kai digiri 1,450, kuma masana'antarsa ce ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke saki a duniya.

Yana da amfani a leƙa Nijar. Daga 1980, a Chikal, ƙungiyar Development Workshop ta fara koyar da abin da aka kira gini ba itace, wato rufin baka da na ƙubba da bulon ƙasa ɗanye, dabarar da aka aro daga Nubiya ta hanyar aikin maginin Masar Hassan Fathy. Ƙarfin shirin yana wajen horar da magina na ƙauye, waɗanda daga baya suka riƙa karɓar aiki da kansu. A 1986 kuma masallacin Yama, cikin jihar Tawa, wanda Falke Barmu ya gina da ƙasa, ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine. Irin wannan girmamawa tana gyara sunan ginin ƙasa a idon jama'a fiye da takardar umarni.

5.0 Majalisun Yankuna

A 1983 aka raba tsohon lardin Arewa gida uku: Adamawa, Arewa da Arewa Mai Nisa, Garwa ta ci gaba da zama hedkwatar Arewa. A 2008 larduna suka koma yankuna. Dokar rarraba iko ta Disamba 2019 ta ba yankuna alhakin tsara ci gabansu da gina makarantun sakandare da kula da su, ƙananan hukumomi kuma na firamare, sannan aka yi zaɓen farko na majalisun yankuna ranar 6 ga Disamba 2020. A cikin kowace majalisa akwai kujeru 20 na sarakunan gargajiya daga cikin 90, abin da ke da ma'ana a yankin da fadar lamiɗo ce ta fi kowa riƙe tsofaffin magina.

Wannan ne karo na farko da wanda zai yanke shawarar irin ajin da za a gina a Pitowa ko Gidar yake zaune a cikin zafin da ɗaliban ke sha. Kuɗin da ke isa hannun majalisun bai taka kara ya karya ba, kuma har yanzu ma'aikatun Yawunde ne ke riƙe da mafi yawan tsarin kwangila. Duk da haka akwai abin da ke cikin ikonsu wanda ba ya cin kuɗi sosai: a rubuta cikin sharuɗɗan kwangila cewa aji ya samu harsashin dutse ko siminti da ya ɗaga sama da inda ruwa ke kwanciya, bangon bulon ƙasa matsattse, da rufi mai faɗin baki da sarari tsakaninsa da silin don iska ta ratsa. Makarantun koyon sana'a na yankin da Jami'ar Garwa, wadda aka kafa a 2022, su ne wuraren da za a iya haɗa tsohon magini da ɗalibin injiniya kan bango ɗaya, kamar yadda aka yi a Murla.