Tarihin Musayar Fayil Tsakanin Kwamfutoci Masu Tsari Dabam-Dabam

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bi diddigin yadda kwamfutoci masu tsarin aiki dabam-dabam suka fara musayar fayil, da kuma rigimar wanda zai riƙe mabuɗin iko a tsakaninsu.

A shekarun 1980 kowane kamfani da nasa yaren. A 1983 Barry Feigenbaum na kamfanin IBM ya tsara ƙa'idar SMB, wadda Microsoft ya ɗauka daga baya. A 1984 Sun Microsystems ya ƙago NFS domin injunan Unix, sa'an nan Apple ya zo da AppleTalk a 1985. Ma'aikatar da ta tara injunan nan uku, to, kurame uku ta tara a ɗaki guda.

A ƙarshen 1991 wani ɗalibi a Jami'ar Ƙasa ta Ostireliya, watau Andrew Tridgell, ya yi ta nazarin saƙonnin da manhajar Pathworks ta kamfanin DEC ke aikawa ta waya, har ya gano tsarinsu. Daga nan aka sami Samba, wadda ta sa injin Unix ya iya amsa kiran Windows.

Amma a ganinmu isar da fayil ba shi ne mai wuya ba. A wajen izini ne gizo ke saƙa. Unix ya kasa mutane kashi uku: mai fayil, da rukuninsa, da sauran jama'a, ga kuma babban mai iko da ake kira root. Shi kuwa Windows NT, wanda ya fito a 1993, doguwar takardar izini yake liƙa wa kowane fayil. Fassara wannan zuwa wancan ba ta cika ba tare da an yi asarar wani abu ba. NFS ta farko ma yarda take yi da duk lambar shaidar da baƙon inji ya faɗa, shi ya sa aka saba mai da root ɗin baƙo ya koma wanda ba shi da ikon komai. Sarkin wani gari talaka ne a nan.

Maganar ta kai gaban hukuma. A 2004 Hukumar Tarayyar Turai ta ci Microsoft tarar Yuro miliyan 497, ta kuma umarce shi ya bayyana ƙa'idojinsa. Kotu ta tabbatar da hukuncin a 2007. A Disamba 2012 Samba ta huɗu ta fito, tana iya riƙe rajistar masu shiga irin ta Active Directory a kan injin Linux.