Gwajin Hayaƙin Mota: Me Takardar Shaida Take Tabbatarwa?

Gwajin hayaƙin mota ya ginu ne a kan zato guda: abin da salansa ta fitar a ɗakin gwaji, shi za ta fitar a kan titi. Ana ɗora mota a kan na'urar da tayoyi ke juyawa a kanta, a tuƙa ta da gudun da doka ta tsara, a tara hayaƙin a auna. In bai haura ƙa'ida ba, a ba ta takarda.

Badaƙalar kamfanin motoci na Volkswagen ce ta tona raunin wannan zato. Masu bincike na Jami'ar West Virginia sun ɗora na'urar awo a kan motocin dizal uku, suka shiga da su titunan yammacin Amurka. Rahotonsu na 2014 ya nuna ɗaya daga cikinsu, Jetta ƙirar Volkswagen, tana fitar da naitirojin oksayid, iskar da ke tsananta asma, ninki 15 zuwa 35 na abin da doka ta amince. A ɗakin gwaji kuwa lafiya lau take. Ranar 18 ga Satumba 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta tuhumi kamfanin, shi kuma ya amsa cewa motoci kusan miliyan 11 na ɗauke da manhajar yaudara. Manhajar tana lura da gudu da motsin sitiyari: tayoyi na juyawa, sitiyari bai motsa ba, to gwaji ake yi, sai inji ya shiga taitayinsa.

Daga nan wasu suka yanke cewa gwajin ba shi da amfani. Wannan hukunci ya wuce hujjarsa, domin awo ne ya kama yaudarar, kuma wata daga cikin motocin ukun, BMW X5, ba ta nuna irin wannan saɓani ba. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Gwajin da aka san lokacinsa da tsarinsa tun farko, iyakar abin da yake tabbatarwa shi ne mota ta iya cin gwaji. Kafin sakamako ya zama shaida a kan iskar da jama'a ke shaƙa, tilas yanayin awo ya yi kama da na titi, kuma mota ta kasa gane ana auna ta.

Tarayyar Turai ta bi wannan hanya daga Satumba 2017, ta wajabta wa sababbin samfura awo a kan titi. Takardar da babu irin wannan awo a bayanta ba ta isa hujja ba.