Tashin Farko a Tseren Gajeren Zango: Daga Doki Zuwa Mota

Tun kafin a shimfiɗa kwaltar da ta taso daga Gusau ta ratsa Talatar Mafara zuwa Sakkwato, mutanen ƙasar Bakura da Maradun, har da garuruwa irin su Birnin Tudu, sun san gudun gajeren zango a bayan doki, musamman a hawan salla, inda mahaya kan yi jahi, wato su sako dawaki a sukwane zuwa gaban sarki, sannan su ja linzami su yi zamiya suna jinjina. Jahi gaisuwa ce ba gasa ba, amma da yake filin gajere ne, wanda ya makara wajen tashi ba ya samun zarafin cim ma sahu. Mahaya sun daɗe da lura cewa dokin da aka zabura da ƙaimi fiye da kima a kan rairayi yakan tona ƙasa da ƙafafun baya ya tayar da ƙura a banza, alhali wanda aka tattara shi tukuna, aka sassauta masa linzami daidai gwargwado, shi ke fita gaba.

Wannan matsala ce tseren motoci na miƙaƙƙen layi ya gada a Amurka, inda aka tsayar da zangonsa a rubu'in mil, kimanin mita 402, tazarar da ake sukuwar dawaki a kanta tun da can. A 1950 aka fara shirya shi a kai a kai a filin jirgin sama na Santa Ana da ke Kalifoniya, a 1951 kuma Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA domin janye matasa daga tsere a titunan gari. Daga 1963 jerin fitilu ya maye gurbin mai ɗaga tuta wajen ba da alamar tashi. Ƙwararru sun koma ga taya mai faɗi, mai taushi, marar zane, wadda ke manne wa kwalta idan ta ɗau zafi, suka bar sabon shiga da tayar yau da kullum, wadda robarta ke da tauri kuma zanenta na korar ruwa ne.

Saboda haka koyarwar da ake yi wa mai tayar yau da kullum ta saɓa wa abin da zuciya ke raya masa: ya kauce wa ruwan da ake zubawa don ɗumama taya, domin zanen yakan kwaso shi zuwa layin tashi, ya ɗan rage iska, ya tashi da matsakaicin totur, yana sakin kuloci a hankali har nauyin motar ya kwanta, kafin ya take sosai. Ma'aunin da masana ke fara dubawa shi ne daƙiƙun ƙafa 60 na farko, kimanin mita 18, domin a nan ake gane ko taya ta kama ko ta yi ta juyawa a wuri ɗaya tana hayaƙi, kamar yadda tayar babur kan yi a gefen kwaltar Mafara idan hunturu ya lulluɓe ta da ƙura.