Makulli Mai Zagayayyen Baki: Daga Awa 51 Zuwa Kwanson Biro

A shekarar 1790 aka ajiye wani kwaɗo a tagar shagon Joseph Bramah da ke birnin Landan, aka haɗa shi da rubutu cewa duk wanda ya ƙera abin da zai buɗe shi ba da mabuɗinsa ba, za a ba shi gini 200. Kowane gini fam ɗaya ne da sule ɗaya, wato jimilla fam 210 ke nan, kuɗin da lebura na wancan zamani zai yi shekaru yana aiki bai tara su ba. Kwaɗon ya yi zamansa a tagar nan sama da shekara 60. Bramah ya rasu a 1814, kuɗin suna nan ba wanda ya zo ya karɓa.

Abin da ya bambanta makullin Bramah, wanda ya yi wa rajista a 1784, shi ne siffar mabuɗinsa. Sauran mabuɗan zamanin dogaye ne masu haƙora a gefe guda. Nasa kuwa ɗan gajeren bututu ne da aka tsattsaga bakinsa, kowace tsaga da nata zurfin. A cikin makullin akwai siraran ƙarafa da aka jera a zagaye, sifirin na turo su waje. Idan mabuɗin ya shiga, sai ya danna kowane ƙarfe daidai gwargwadon da ake bukata, gurbin da ke jikinsa ya zo saiti da na 'yan'uwansa, sannan cikin makullin ya sami damar juyawa. Wanda aka ajiye a taga ƙarafa 18 gare shi, kuma lissafi ya nuna ana iya tsara su ta hanyoyi wajen miliyan 470. Aikin yana bukatar awo mai tsanani, har ya sa Bramah ya ɗauki wani saurayi mai suna Henry Maudslay don su ƙera injunan da za su riƙa yanka sassan iri ɗaya. Maudslay ɗin nan shi ne daga baya ya zama ɗaya daga cikin iyayen ƙirar injunan sassaƙa ƙarfe a Ingila.

Ranar wanka ta zo a 1851, shekarar da aka yi Babban Baje Koli a gidan gilashin nan da aka gina a filin Hyde Park. Wani Ba'amurke ɗan birnin Boston, Alfred Charles Hobbs, ya zo tallar makullan kamfanin Day & Newell na New York. Salon tallarsa ba ɓoyayye ba ne: sai ya buɗe makullin abokin gasa a gaban shaidu, sannan ya ce ga nasa. Ya fara da makullin Chubb, wanda Jeremiah Chubb ya ƙirƙiro a 1818, kuma Turawan Ingila suke alfahari da shi saboda yakan cije da kansa idan aka taɓa shi da baƙon ƙarfe. Hobbs ya buɗe shi cikin minti 25. Daga nan ya nufi shagon Bramah.

Nan ne ya ga aiki. An kafe kwaɗon a cikin katako yadda bakin makullin kaɗai ke waje, aka ba shi ɗaki a saman shagon, aka yanka masa wa'adin kwana 30. Ya zo da kayan aikin da ya tsara musamman domin wannan makulli: abin da zai danne sifirin, abin da zai riƙa ɗan murza cikin makullin, da siraran ƙarafa na lalube. Dabararsa ita ce ya ɗan matsa wa makullin kamar mai shirin juya shi, sannan ya bi ƙarafan ɗaya bayan ɗaya yana jin wanne ne ya cije. Tunda ba maƙerin da zai iya yin abu 18 su zo daidai wa daida ba bambancin ko gashi ɗaya, dole wani ya riga wani cijewa, kuma wannan ɗan bambancin shi ne ƙofar mai lalube. Awa 51 ya kwashe, a rarrabe cikin kwana 16, kafin kwaɗon ya buɗe. Kamfanin Bramah ya yi gardama kan ko an bi sharuɗɗa, amma masu sasanci da aka naɗa suka ba Hobbs gaskiya, aka biya shi. Kwaɗon yana gidan adana kayan kimiyya na Landan har yau.

Jaridun Ingila sun ɗauki abin a matsayin abin kunya ga ƙasa, amma wanda ya dubi alƙaluman da idon basira zai ga Bramah bai faɗi warwas ba. Wane ɓarawo ne zai sami ɗaki da haske da kwanciyar hankali na awa 51? Abin da ya mutu a 1851 shi ne imanin cewa akwai makullin da ba ya buɗuwa. Shi kansa Hobbs, da ya zauna a Landan ya kafa kamfaninsa, bai tsira ba, don a 1854 wani ma'aikacin Chubb mai suna John Goater ya buɗe ɗaya daga cikin makullansa. Wata muhawara kuma ta taso wadda ba ta mutu ba har gobe: shin daidai ne a fallasa raunin makulli a bainar jama'a? Matsayin Hobbs, kamar yadda ya fito a wani littafi na 1853 kan ƙirar makullai, shi ne ɓarayi sun riga sun san sana'arsu, don haka ɓoye maganar mai dukiya kaɗai yake bari cikin duhu.

Bayan wannan sai duniya ta bi wata hanya. Linus Yale ƙarami ya yi rajistar makulli mai ƙananan ƙusoshi a jere da faffaɗan mabuɗi a 1861 da 1865, kuma shi ne kakan mafi yawan mabuɗan da ke aljihunmu yau. Bututu ya koma gefe har zuwa farkon shekarun 1930, lokacin da kamfanin Chicago Lock ya fito da makullin da ya sa wa suna Ace. An ɗauki ƙusoshin Yale ne aka jera su a zagaye irin na Bramah. Galibi bakwai ne, kowace ƙusa kashi biyu ce, ta gaba da ta baya, da sifirin a ƙarshe. Mabuɗin ɗan bututu ne da aka sassaƙe gefen bakinsa, yana tura kowace ƙusa ciki har mahaɗar kashi biyun ta zo daidai da layin da makullin ke juyawa a kai.

Makullin ya karɓu sosai a Amurka, musamman wurin da kuɗi ke kwana ba mai gadi: injunan sayar da lemo da ake jefa wa kwabbai, injunan wanki na haya, akwatunan wasa, allon sarrafa lif. Gajere ne, yana shiga jikin siririn ƙarfe, kuma ba kowane mai yanka mabuɗi a bakin titi ke da injin kwafarsa ba. Har kamfanin IBM ya sa irinsa a gaban kwamfutarsa ta PC AT a 1984, don mai ofis ya kulle ta idan zai tashi.

Ga mai lalube da kayan aiki na yau da kullum, makullin yana da ban haushi. Ko ya yi nasarar saita ƙusoshin duka, da zarar ya ɗan juya sai kowace ƙusa ta faɗa ramin maƙwabciyarta, makullin ya sake cijewa, ya koma farko. Yana iya maimaita aikin sau da dama kafin ya kai inda ƙofa za ta buɗe. Wannan ne ya ba makullin sunan mai taurin kai.

Amma siffar da ta ba shi wannan suna ita ce kuma ta kashe shi. A makullin Yale ƙusoshin suna ɓoye a cikin matsattsen rami, ɗaya bayan ɗaya, sai an ratsa ta farko a kai ga ta ƙarshe. A zagayayyen makulli kuwa duk bakwai ɗin suna kallon waje, kawunansu a fili. Sai masu ƙera kayan aikin gyaran makulli suka yi abin da hankali zai kawo: bututu daidai girman mabuɗin, da siraran ƙarafa bakwai kwance a jikinsa, kowanne saitin ƙusa guda, an ɗaure su da zoben roba yadda za su iya zamewa baya idan an matsa musu, amma ba da sauƙi ba. Idan aka tura shi ciki ana ɗan murzawa, ƙusar da ba ta kai matsayinta ba sai ta cije ta tura nata ƙarfen baya kaɗan, wadda ta kai kuwa ta ƙyale shi. A hankali makullin da kansa yake zana siffar mabuɗinsa a jikin kayan aikin, kamar yadda ƙafa ke barin sawunta a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Da an gama sai a ɗaure ƙarafan, abin ya zama mabuɗi sosai, matsalar sake cijewa ta kau, har ma a iya auna zurfin kowane ƙarfe a yanka sabon mabuɗi. Irin aikin da ya ci wa Hobbs kwana 16 ya koma na 'yan mintoci a hannun wanda bai kai shi gwaninta ba ko kusa.

Masu ƙera makullin ba su naɗe hannu ba. Chicago Lock ya fito da Ace II, wanda sifirin ɗinsa ba ƙarfinsu ɗaya ba, don su rikita kayan aikin da ke dogara da matsi iri ɗaya. Wasu suka ƙara yawan ƙusoshi zuwa takwas ko goma, wasu suka canza girman bakin. Masu kayan buɗewa su ma suka bi su girma bayan girma. Duk wannan ya daɗe yana gudana tsakanin 'yan sana'a, mai keke da mai shago ba su san ana yi ba.

Keke ne ya fito da maganar fili. A farkon shekarun 1970 Michael Zane ya kafa kamfanin Kryptonite a jihar Massachusetts, yana sayar da kwaɗon keke na lanƙwasasshen ƙarfe mai kauri. A 1972 aka ɗaure wani keke da shi a unguwar Greenwich Village ta New York har kwana 30. Ɓarayi suka kwashe duk abin da ke kwancuwa a jikinsa, amma gangar keken ta kwana inda take. Labarin ya yi wa kamfanin talla fiye da kowace jarida, har ya riƙa alkawarin biyan diyya ga wanda aka sace wa keke yana ɗaure da kwaɗonsa. Ƙarfen ya cancanci yabon. Sai dai a kwaɗunan da suka biyo baya, abin da ke riƙe da ƙarfen zagayayyen makulli ne.

A 1992 wata mujallar masu keke ta Birtaniya, New Cyclist, ta buga cewa ana iya buɗe wasu makullai irin wannan da kwanson biro. Maganar ta ɗan yi ƙara, ta lafa, aka ci gaba da sayarwa. A ganina nan ne laifin masana'antar ya fi girma, ba a 2004 ba, don shekara 12 ta ishi kowa ya canza ƙira a tsanake. A watan Satumba na 2004 sai wani mai keke a Amurka ya sake bankaɗo zancen a intanet, cikin kwana biyu zuwa uku gajerun bidiyo suka bazu, ana ganin mutum ya cire bayan biron Bic, ya cusa kwanson a bakin kwaɗon da ake saye da tsada, ya murza, ya buɗe cikin daƙiƙoƙi. Ba sihiri a ciki. Faɗin kwanson ya zo daidai da bakin makullin, robar kuma tana da taushin da ƙusoshi za su lotsa ta, wato biron yana yin aikin da wancan bututu mai ƙarafa bakwai yake yi, a kan kuɗin da bai kai na kofin shayi ba. Ba kowane makulli ne ya buɗe ba, ba kuma kowane biro ne ya yi daidai ba, amma waɗanda suka buɗe sun isa su zubar da suna.

Martanin farko na kamfanin ya zo da sanyin jiki, ya ƙara wa masu keke haushi. Jaridar New York Times da sauran manyan kafafe suka ɗauki labarin, lauyoyi suka shigar da ƙararraki a madadin masu saye. Kafin watan ya ƙare Kryptonite, wanda a lokacin mallakar kamfanin Ingersoll Rand ne tun 2001, ya sanar cewa zai musanya duk kwaɗon da ke da irin wannan makulli kyauta. An musanya ɗaruruwan dubbai a ƙasashe da dama, an kuma ƙiyasta abin ya ci wajen dala miliyan 10. Ba Kryptonite kaɗai ke amfani da makullin ba, har masu ƙera igiyar ɗaure kwamfutar hannu sun shiga cikin zancen, amma wanda ya fi suna shi ya fi shan duka.

Sababbin kwaɗunan suka koma amfani da makulli mai fayafayai masu juyawa, wanda asalinsa ƙirar Emil Henriksson ce ta 1907 a ƙasar Finland, ita ce kamfanin Abloy ya shahara da ita. Ba shi da ƙusoshin da sifirin ke turowa, saboda haka roba mai taushi ba ta da abin da za ta kwafa. Shi ma daga baya an ƙera masa nasa kayan buɗewa, sai dai suna bukatar hannu da haƙuri, ɓarayin keke kuwa galibi suka koma injin yankan ƙarfe mai batir.

Zagayayyen makulli ya bar kasuwar kwaɗon keke masu tsada, amma bai bar duniya ba. Yana nan a injunan sayar da kaya, da ƙananan akwatunan kuɗi, da durowoyin ofis, don yana da araha kuma yana shiga inda wasu ba sa shiga. Kayan buɗe shi ana sayar da su a fili ga masu gyaran makulli, da kuma masu buɗe makulli don nishaɗi, waɗanda ƙungiyoyinsu a Jamus da Holan da Amurka suke shirya gasa, bisa ƙa'idar cewa ba ka taɓa makullin da ba naka ba sai da izinin mai shi. Masu injunan sayar da kaya da suka damu da abin da ke ciki kan cire makullin da injin ya zo da shi daga masana'anta, su sa wani mai tsada a gurbinsa.