Gansakukar tabki: dafin da tafasa ruwa ba ta kashewa

Idan zafin Afrilu da Mayu ya tsananta, ruwan madatsun Mozage da Zango a kwarin Maggiya, da na tabkunan Malbaza da Illela, yakan ja baya ya ɗumame. Irin wannan kwantaccen ruwa, wanda takin zamani da kashin dabbobi suka gangara cikinsa, shi ne mahayayyafar wasu ƙananan halittu da masana ke kira siyanobakteriya. Sukan rufe saman ruwa kore shar, kamar an zubar da fenti.

Ba kowace gansakuka ke da dafi ba, amma ido ba ya bambancewa. Wasu na fitar da mikrosistin, dafin da ke lalata hanta, ya kawo amai da zawo. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce kada ya wuce mikrogram 1 a kowace lita ta ruwan sha. A Botsuwana, hukumomi sun ɗora wa dafin waɗannan halittu alhakin mutuwar giwaye sama da 300 a 2020.

Tafasawa tana kashe ƙwayar kwalara, amma wannan dafi yana nan daram. Tacewa da ƙyalle ma haka. Ruwan foraj da na rijiya mai murfi sun fi aminci, don haka mai sayen ruwa ya tambayi ɗan garuwa inda ya ɗebo.